Kwamfutar Wasa ta Farko da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Kaya

Na shafe shekaru ina haɗa kwamfutoci ina kuma gyara su a Garwa, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa suka fi yi mini, ko a bakin shago ko ta waya daga Marwa, Gaundare, Kusiri da Njamena. Yawancin shawarwarin da suke karantawa a intanet an rubuta su ne domin mutanen da ke zaune cikin ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta yankewa kuma ana iya mayar da kayan da ba su yi ba. Mu ba haka muke ba, saboda haka amsoshin nan sun yi la'akari da zafinmu, ƙurarmu da wutarmu.

Waɗanne sassa ne dole in saya, kuma da wane suna zan tambaye su a shago?

Sassa bakwai ne ke cikin akwatin kwamfuta, kuma tun da yake da Faransanci ake cinikinsu a nan, yana da kyau ka riƙe sunayen da mai shago zai gane. Akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tare da fankar da ke sanyaya ta. Akwai uwar allo, wadda ake kira carte mère, kuma a kanta ake dasa komai. Akwai katin hoto, wato carte graphique, wanda ke zana abin da kake gani a wasa. Sai RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke riƙe abin da kwamfuta ke aiki a kansa, wadda masu shago ke kira barrette, da ma'ajiya irin ta SSD, da akwatin wuta wanda ake kira alimentation, sannan gidan da ke ɗauke da su duka, wato boîtier. A waje kuma kana buƙatar allon kallo, allon rubutu, linzami, da na'urar kare wuta. Mutane da yawa suna mantawa da waɗannan huɗu na ƙarshe sai kuɗi ya ƙare.

Yaya zan raba kuɗina, kuma yaya zan san ba a tsawwala mini farashi ba?

Kafin ka yi maganar kowane kati, cire kuɗin allon kallo da na na'urar kare wuta ka ajiye gefe guda, domin abin da ya rage shi ne ainihin kasafinka. A cikin wannan ragowar, a ganina katin hoto ya kamata ya ɗauki kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, furosesa da uwar allo tare su ɗauki kusan kashi 30, sauran kuma a raba tsakanin RAM, SSD, akwatin wuta da gida. Gidan kwamfuta ne wurin da za ka iya matse hannu ba tare da ka cutu ba, muddin iska tana shiga ta gaba tana fita ta baya. Fitilu masu launi ba sa ƙara wa wasa gudu ko kaɗan.

Game da farashi, muna da wata sa'a da maƙwabtanmu masu naira ba su da ita: sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Idan ka ga kati a shagon Faransa a intanet kan yuro 200, ka san cewa kusan sefa 131,000 ke nan a can. Daga nan sai ka tuna cewa kayan za su sauka a Duwala, a biya kwastan da harajin saye, wanda a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne, a ɗauko su zuwa arewa, sannan mai shago ya ɗora ribarsa. Ƙari a kan farashin Turai abu ne da ba makawa, amma idan ka ji an ninka maka sau biyu, ka tambayi wani wuri, ko ka sa wani ɗan'uwa amintacce ya duba maka a Akwa ta Duwala ko a titin Kennedy na Yawunde. Kada ka tura kuɗi ta waya ga wanda ka gani a Facebook kawai, sai wani naka ya riƙe kayan a hannunsa.

Wane katin hoto zan saya?

Amsar ta dogara ga wasan da kake son bugawa, don haka fara rubuta wasanni uku da za ka fi zama a kansu. Mai son ƙwallo, wato eFootball ko EA Sports FC, wanda shi ne sunan da FIFA ta koma tun 2023, ba ya buƙatar irin ƙarfin da mai son sababbin wasannin yaƙi masu faɗin duniya yake buƙata. Haka ma GTA V, Valorant, Fortnite da Counter-Strike 2, duk suna tafiya lafiya a kan kati mai matsakaicin ƙarfi idan allonka 1080p ne, wato mai layukan hoto 1,080 daga sama zuwa ƙasa.

A matakin ƙasa akwai GTX 1650, mai ƙwaƙwalwar hoto 4GB, wanda ya fito a 2019. Ba jarumi ba ne, amma yana cin wat 75 kacal, kuma yawancin nau'o'insa ba sa buƙatar wata igiyar wuta ta daban. Sama da shi akwai GTX 1660 Super mai 6GB, wanda ke cin wat 125 kuma har yanzu yana riƙe mutuncinsa. Wanda na fi yawan ba da shawara a kansa ga mai kasafi matsakaici shi ne RX 6600 na AMD, na shekarar 2021, mai 8GB, domin yana buga kusan kowane wasa a 1080p cikin kyau alhali wat 132 kawai yake ci. Idan aljihu ya ɗan yi nauyi, akwai RTX 3060 mai 12GB, da RX 7600, da RTX 4060 wanda ke cin wat 115.

Ina yawan ambaton wat ne da gangan. A wurinmu kowane wat da kati ya ci zafi ne da zai zuba a ɗakin da ya riga ya yi zafi, kuma nauyi ne a kan batirin da zai riƙe ka idan wuta ta tafi. Wannan ne ya sa nake jan hankalin mutane game da RX 580 mai 8GB, wanda ya cika kasuwa da araha. Kati ne na 2017, yana cin wat 185, kuma akwai nau'insa da ake rubuta wa 2048SP, wanda a gaskiya ƙarfinsa na RX 570 ne da aka sauya wa suna. Idan shi kaɗai kuɗinka ya kai, zai yi maka aiki, amma ka saye shi kana sane da abin da ka saya.

Akwai kuma katunan da ba na wasa ba ne ko da an rubuta 4GB da manyan baƙaƙe a kwalinsu, kamar GT 710 da GT 730. Yawan ƙwaƙwalwar hoto ba shi ne ƙarfi ba. Babban buhu ne a bayan jaki mara lafiya. RX 6500 XT ma ina guje masa idan uwar allon tsohuwa ce, domin layuka huɗu kawai yake amfani da su wajen magana da uwar allo, kuma a kan tsohon gurbin kati irin na PCIe 3.0 yakan shaƙe.

Shin laifi ne in sayi na hannu?

Ba laifi ba ne, kuma ga mafi yawanmu ita ce hanyar da za ta yiwu. Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, don haka na hannunsu ba ya ba ni tsoro. Katin hoto kuwa sai an yi hattara, domin dubban katuna sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet, kuma da Ethereum, ɗaya daga cikin waɗannan kuɗaɗe, ta daina wannan tsari a watan Satumba na 2022 sai aka zubo su kasuwannin duniya, wasu kuma suka iso brokant ɗinmu, wato shagunan kayan hannu, an goge su suna ƙyalli.

Ga yadda nake yi idan an kawo mini kati. Da farko ina juya fankokin da yatsa a hankali, ina jin ko akwai wadda take karce ko take rawa a kan ƙafarta. Ina duba kan sukurorin baya in ga ko an sha kwance su, ina sunsuna wajen da igiyar wuta ke shiga ko akwai ƙauri, ina kuma duba bayan allon katin ko ya yi launin ruwan ƙasa kamar takardar da aka kusantar da wuta. Bayan haka ina dasa shi in buɗe wata manhaja kyauta mai suna GPU-Z, wadda ke faɗin ainihin abin da ke cikin katin. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin akwai katunan jabu da ake sayarwa da sunan GTX 1050 Ti alhali a ciki tsohon GTS 450 ne da aka sauya wa bayani. Daga ƙarshe ina sa shi aiki mai nauyi da manhajar gwaji ta FurMark, ko da wasa na gaske, na aƙalla minti ashirin, ina kallon zafinsa da kuma ko allo zai fito da ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji a gabansa, ka yi masa godiya ka tafi da kuɗinka.

Abubuwa biyu ne ba na so a saya na hannu: akwatin wuta da ma'ajiya. Idan dole ta sa ka sayi SSD na hannu, buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga sa'o'i nawa ya yi yana aiki da kuma lafiyar da ta rage masa.

An ce mini in nemi Core i7 kawai, domin shi ne babba. Gaskiya ne?

Wannan magana ta cinye kuɗin mutane da yawa. Sunan i7 ba ya gaya maka komai sai ka san ƙarninsa, kuma ƙarnin yana cikin lambobin farko da ke bin sunan. Core i7-3770 na ƙarni na uku ne, na shekarar 2012, yayin da Core i3-12100F na ƙarni na goma sha biyu ne, na 2022. Dukansu ƙwayoyin aiki huɗu gare su, amma ƙaramin i3 ɗin ya bar tsohon i7 a baya da nisa a kowane wasa. Saboda haka idan mai shago ya ce maka i7 ce, ka tambaye shi cikakkiyar lambar.

Ga mai fara haɗawa da kuɗi kaɗan, zaɓi huɗu ne nake kawowa. A ɓangaren AMD akwai Ryzen 5 3600 na 2019, wanda ake samu na hannu da sauƙi, da Ryzen 5 5600 na 2022, wanda ya fi shi gudu a fili; dukansu ƙwayoyi shida gare su kuma an tsara su kan wat 65. A ɓangaren Intel akwai i3-12100F da i5-12400F mai ƙwayoyi shida. Harafin F yana nufin furosesar ba ta da sashen hoto a cikinta, don haka ba za ka ga komai a allo ba sai da katin hoto. Ryzen 5 5600 da 3600 ma haka suke ko da yake ba su da harafin.

Ta yaya zan tabbatar uwar allo ta dace da furosesa?

Gurbin da furosesa ke zama a ciki shi ne abin dubawa na farko. Ryzen 3600 da 5600 suna zama a gurbin AM4, kuma uwayen allo masu sauƙin kuɗi da suka dace da su su ne A520, B450 da B550. Intel na ƙarni na 12 zuwa na 14 suna zama a LGA1700, inda ake samun H610, B660 da B760. Akwai tarko biyu a nan. Na farko, B450 ta girmi Ryzen 5600, don haka idan ta daɗe a shago sai an sabunta mata BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikinta mai tayar da kwamfuta, kafin ta gane shi. Ka sa mai shago ya kunna maka su tare kafin ka biya. Na biyu, uwayen allon LGA1700 iri biyu ne, masu karɓar RAM irin DDR4 da masu karɓar RAM irin DDR5, kuma ba a iya cusa ɗaya a ramin ɗaya.

Sabon gurbin AMD, wato AM5, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Yana da makoma mai tsawo, amma jimillar kuɗinsa yakan ci rabon katin hoto, shi ya sa ba na tura mai ƙaramin kasafi can.

RAM nawa ta isa?

16GB, kuma ta zama sanda biyu masu 8GB kowace, ba sanda ɗaya mai 16GB ba, domin sanduna biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa. DDR4 mai gudun 3200 ta wadatar. Idan uwar allonka ramuka huɗu gare ta, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa, kuma bayan haɗawa sai ka shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, in ba haka ba RAM ɗin za ta iya tsayawa a ƙasa da gudun da ka biya.

SSD ko faifai mai juyawa?

Windows da wasannin da kake bugawa kullum su zauna a kan SSD. Faifai mai juyawa yana karanta abin da bai cika wuce megabayit 200 a daƙiƙa ba, SSD kuwa iri biyu ne: na SATA yana kai wa kusan 550, na NVMe kuma yakan haura 3,000. A wajen loda wasa bambancin SATA da NVMe ƙarami ne, don haka ka ɗauki wanda ya fi sauƙin kuɗi a cikin sanannun kamfanoni. 500GB shi ne mafi ƙaranci, domin manyan wasanni da dama suna cin kusan 100GB kowane, kuma 1TB ya fi kwanciyar hankali. Tsohon faifai mai juyawa yana da amfani ɗaya da nake daraja shi a nan: ajiye kwafin wasannin da ka sauke, domin Steam, shagon wasanni na intanet, yana ba da damar mayar da su ba tare da ka sake ƙona kuɗin intanet ba.

Me ya sa kake nanata maganar akwatin wuta, alhali ba ya ƙara gudu?

Domin na ga abin da yake yi da idona, kuma a kan kwamfutata ta farko. Na tara kuɗi na watanni na sayi katin da nake mafarki, sai abin da ya rage bai kai na akwatin wuta mai kyau ba. Wani mai shago ya miƙo mini ɗaya mara suna, an rubuta 600W a gefensa, mara nauyi kamar gwangwanin da babu komai a ciki. Ya yi aiki na 'yan makonni. Wata rana da yamma, a tsakiyar zafin Afrilu, wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, na ji ƙara kamar an fasa leda, ƙauri ya cika ɗaki. Da na buɗe, akwatin ya tafi da uwar allo da faifan da ke ɗauke da ayyukana. Katin ne kaɗai Allah ya tsare.

Aikin akwatin wuta shi ne ya karɓi wutar bango mai bolt 220 ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 masu tsabta. Mai kyau yana da kariyar da ke kashe shi idan wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu, mara kyau kuwa yakan wuce da bugun zuwa ga sauran kayan. Ga haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600, akwatin wat 550 na gaske ya isa har da sarari. Ka nemi sanannen kamfani kamar Corsair, Seasonic, Cooler Master, MSI ko be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze. Tambarin yana magana ne kan rashin ɓarnar wuta, ba shi kaɗai ne shaidar inganci ba, kuma ana buga na jabu, don haka ka karanta takardar gefe ka ga wat nawa layin bolt 12 yake bayarwa, domin daga shi furosesa da kati suke sha. A akwati mai kyau wannan lamba tana kusa da jimillar da aka rubuta a kwali. Ka tabbatar kuma yana da igiyar PCIe mai ƙafa takwas da katinka ke buƙata, kada ka yarda a haɗa maka ta da 'yar waya mai canza baki.

Wani gargaɗi ga masu sayen kayan da suka zo daga Amurka: wasu tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya mai nuna 115 ko 230. Idan yana kan 115 ka sa shi a bangonmu, nan take zai ƙone.

Onduleur zan saya ko régulateur? Kuma hasken rana zai iya ɗaukar kwamfutar?

Aikinsu daban ne. Régulateur yana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama, amma idan ta yanke ba ya da abin ba ka. Onduleur yana da batir, yana ba ka 'yan mintoci ka ajiye wasa ka kashe kwamfuta cikin tsari, kuma da yawa daga cikinsu suna da mai daidaita wuta a ciki, wanda ake rubuta wa AVR. Wannan nau'in na fi so. A arewacin Kamaru wutarmu ta daɗe tana dogara ga madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ƙarfinta yana raguwa a daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, don haka kada ka ɗauki wannan na'ura a matsayin ƙawa.

Ka lura cewa VA, ma'aunin da ake rubuta ƙarfin onduleur da shi, ba wat ba ne. Onduleur mai 650VA yakan ɗauki wat 360 zuwa 390 kawai, kuma kwamfutar wasa tare da allonta na iya kusantar wat 300 a tsakiyar wasa, don haka 1000VA ko sama ya fi dacewa. Batirinsa ba ya son zafi, kuma a yanayinmu sai ka shirya sauya shi da wuri.

Hasken rana zai ɗauka idan aka yi lissafi. Kwamfuta da allo masu cin wat 275, idan suka yi sa'a uku, sun ci sama da 800 a ma'aunin wat sau sa'a. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma idan na ruwa ne ko na gel rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri, ka ga guda ɗaya bai isa ba. Injin juya wutar kuma, wanda ke mayar da wutar batir irin ta bango, ya zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wanda masu shago ke kira pur sinus, domin wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in.

Zafi da ƙura ba za su kashe ta ba?

Ba za su kashe ta ba idan an kula. Masu gwada kaya a Turai suna yin gwajinsu a ɗaki mai digiri 21 ko 22, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin waje yana haura 40 a Garwa, Marwa da Njamena. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka kayan ciki suke ƙaruwa, don haka katin da aka gani a 70 a can zai iya kai wa 85 a nan. Furosesa idan ta kusanci digiri 90 zuwa 100 tana rage gudunta da kanta don ta tsira, sai ka ga wasa ya fara tsinkewa bayan rabin sa'a. Fankar da ke zuwa cikin kwalin Ryzen tana aiki, amma ƙaramar hasumiyar sanyaya mai bututun tagulla huɗu tana daga cikin kuɗin da ba za ka yi nadamarsa ba.

Ka zaɓi gida mai raga a gaba, ka guji mai gilashi ko roba a rufe. Ka sa fanka biyu suna shigo da iska ta gaba ta cikin matatar ƙura, ɗaya tana fitarwa ta baya. Idan iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa ta ƙananan ramuka. Kada ka ajiye kwamfuta a ƙasa, ka ɗora ta a tebur, kuma ka rufe ta da zane idan a kashe take. A lokacin hunturu ina wanke matatar ƙurar duk mako biyu, ina hure ciki da injin hura iska sau ɗaya a wata, ina riƙe fankokin da yatsa don kada su yi gudun da ya wuce ƙima. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar jiki, irin wadda ke tsikarar mutum idan ya taɓa ƙofar mota, don haka ka taɓa ƙarfen gida kafin ka ɗauki RAM ko kati.

Kuɗina bai kai na sababbin sassa ba. In sayi tsohuwar kwamfutar ofis in sa mata kati?

Hanya ce mai kyau, kuma da ita da yawa suka fara. Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre suna cika brokant, kuma an ƙera su da ƙarko. Sai dai akwatin wutarsu ƙarami ne, bakinsa kuma sau da yawa na kamfanin ne kaɗai, ba ya karɓar na kasuwa. Saboda haka katin da zai shiga shi ne wanda ba ya neman igiya, kamar GTX 1650 ko RX 6400, kuma idan gidan siriri ne sai ka nemi gajeren nau'in katin. Ka fi son mai babban gida, kuma ka nemi Intel na ƙarni na takwas ko sama, kamar i5-8500, domin Windows 11 daga nan ta fara karɓa a hukumance, kuma Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Akwai hanya ta biyu ga mai haƙuri: ka haɗa sabuwar kwamfuta a kan Ryzen 5 5600G, wadda ke da sashen hoto a cikinta. Za ta buga ƙwallo da ƙananan wasanni idan an sassauta saiti, musamman da RAM sanda biyu, sannan ka ƙara kati idan kuɗi ya samu. Ka dai sayi akwatin wuta mai kyau tun ranar farko.

Zan iya amfani da talabijin ɗin gida maimakon allo?

Za ka iya, musamman ga ƙwallo da hannun wasa, amma ka nemi saitin wasa a cikin talabijin ɗin ka kunna, domin ba tare da shi ba akan sami jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. Idan za ka sayi allo, inci 24 mai 1080p, nau'in IPS, mai sabunta hoto sau 100 zuwa 165 a daƙiƙa shi ne daidai da katunan da muka ambata. Allon 4K a kan ƙaramin kati wahala ce kawai.

Kwamfuta mai ƙarfi za ta gyara mini jinkirin wasan intanet?

A'a. Jinkirin da ake kira ping tafiya ce, ba ƙarfin kati ba. Yawancin wasanni suna haɗa mu da na'urorin da ke Turai, kuma saƙonka sai ya gangara kudu zuwa inda igiyoyin ƙarƙashin teku suke sauka, a Duwala, Limbe da Kribi, sannan ya zagaya gaɓar Afirka ta Yamma ya dawo. Mai wasa a Njamena tafiyarsa ta fi tsawo, tun da Cadi ba ta da teku. Abin da ke hannunka shi ne ka haɗa kwamfuta da akwatin intanet ta igiya maimakon wifi, ka ajiye akwatin inda sigina ta fi ƙarfi, ka kuma hana wasu na'urori sauke abubuwa yayin da kake wasa.

Allon rubutu na Faransanci zai dame ni?

Zai iya ba ka mamaki a ranar farko. Yawancin allunan da ke kasuwarmu AZERTY ne, wasanni kuwa an tsara tafiyarsu a kan W, A, S, D na QWERTY, wanda a wurinka ya zama Z, Q, S, D. Wasu wasannin suna ganewa da kansu, wasu sai ka shiga saiti ka sauya. Kayan da suka shigo ta Najeriya, daga Mubi ko Yola, yawanci QWERTY ne, kuma filoginsu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga soket ɗinmu. Gara ka sauya igiyar gaba ɗaya da ka dogara ga ɗan adafta mai rawa wanda ke tartsatsi.

Na haɗa komai, fankoki suna juyawa, amma allo baƙi. Na ƙona wani abu ne?

Da wuya. Cikin waɗanda ake kawo mini da wannan kuka, mafi yawa igiyar HDMI ce aka soka a bayan uwar allo maimakon a bakin katin hoto da ke ƙasa. Idan ba ita ba ce, kashe wuta ka cire RAM ka sake danna ta da ƙarfi har ƙugiyoyin gefe su rufe da ƙara, domin sabon hannu yakan ji tsoron dannawa. Sannan ka duba igiya mai ƙafa takwas ta furosesa da ke saman uwar allo ta hagu, wadda ake yawan mantawa, ka tabbatar ba a musanya ta da ta katin hoto ba, tun da sun yi kama. Idan duk waɗannan daidai suke kuma uwar allonka B450 ce da Ryzen 5600, to BIOS ce ke neman sabuntawa. Ka kai ta wurin mai gyara da ke da tsohuwar furosesar AM4, ya dasa ta na ɗan lokaci ya yi sabuntawar, kuma ka roƙe shi ya yi ta a kan onduleur, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya barin uwar allo ba ta tashi.